Gashin Ciwon Daji da Garkuwar Jiki: Abin da Hasken Yake Tayarwa da Abin da Yake Kashewa

Da wuya a rubuta wa mai ciwon daji gashi, wato jinyar da ake haska ƙari da haske mai ƙarfi daga na'ura, ba tare da shi ko mai jinyarsa ya tambaya ko gaskiya ne hasken nan yana cinye jini, yana karya garkuwar jiki ba. A ɗaya gefen kuma, masu bin labaran kimiyya sun ji an ce gashi yana farkar da garkuwa, har a gasa ƙari a wuri ɗaya wani da ke can nesa ya motse da kansa. Kowace magana cikin biyun nan tana da tushe, kuma duk suna faruwa a jikin mutum ɗaya, a mako ɗaya, daga na'ura ɗaya. Wadda za ta rinjaya ta danganta da yawan hasken da aka bayar a kowane zama, da faɗin wurin da aka haska, da gaɓoɓin da suka faɗa cikin filin, da kuma lokacin da aka shigo da sauran magunguna. Kusan rabin masu ciwon daji za su buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu, don haka batun ya isa a warware shi dalla-dalla.

Yadda hasken yake kashe ƙwaya

Ma'aunin gashi shi ne gire, wanda ake rubutawa Gy a takardar majiyyaci. Tsarin da aka saba shi ne 1.8 zuwa 2 Gy a kowace rana, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon mako biyar zuwa bakwai. Akwai kuma sabon tsari na saiti mai tsanani, inda ake ba ƙaramin ƙari 8, ko 12, ko ma 18 Gy a zama ɗaya, a gama cikin zama uku zuwa biyar.

Hasken yana kai hari ne ga DNA, zaren da ke ɗauke da umarnin kowace ƙwayar jiki. Wani ɓangare yana tsinka zaren kai tsaye, amma mafi yawan ɓarnar, kimanin kashi biyu cikin uku, tana zuwa ta ruwan da ke cikin ƙwayar: hasken ya farfasa ruwan, gutsattsarin su afka wa zaren. Gire ɗaya yana tsinka zaren gaba ɗaya a wurare kimanin 40 a ƙwaya guda. Iskar oksijin ce ke tabbatar da wannan rauni ya ƙi gyaruwa, shi ya sa ƙwayar da ke tsakiyar ƙari inda jini ba ya kaiwa take buƙatar haske ninki biyu da rabi zuwa uku kafin ta mutu.

A nan akwai wani bambanci da duk sauran bayanin ya rataya a kansa. Yawancin ƙwayoyin daji ba sa mutuwa a ranar da aka haska su. Suna nan da rauninsu har sai sun zo rabuwa biyu, bayan kwanaki, sannan rabuwar ta ƙi, su tarwatse. Limfosait kuwa, wato nau'in fararen ƙwayoyin jinin da ke gane daji su kashe shi, ba sa jiran rabuwa. Cikin awoyi kaɗan suke kashe kansu. Gire 1 zuwa 2 ya isa ya halaka rabinsu. Wato hasken zama ɗaya tak, wanda ƙari zai sha sau talatin kafin ya ba da kai, ya isa ya karkashe rabin sojojin da suka ratsa ta wurin.

Ƙararrawar da ƙari mai mutuwa yake bugawa

Shekaru da yawa an ɗauka aikin gashi ya tsaya ga tsinka DNA. A 1979 Helen Stone da abokan aikinta a Amurka suka nuna akwai sauran magana: ɓerayen da aka raba su da limfosait nau'in T sun buƙaci kusan ninki biyu na hasken da lafiyayyun ɓeraye suka buƙata kafin irin ƙarin ɗaya ya warke. Na'ura ɗaya, ƙari ɗaya, bambancin garkuwa kawai. An sake tabbatar da haka a Jami'ar Chicago a 2009, inda aka ga gashi mai ƙarfi ya rasa mafi yawan tasirinsa da zarar an cire ƙwayoyin T masu alamar CD8.

Dalilin yana cikin yadda ƙwayar take mutuwa. Kullum biliyoyin ƙwayoyin jikinmu suna mutuwa shiru, a share su ba wanda ya ji. Ƙwayar dajin da haske ya kashe tana iya mutuwa da kururuwa. Masu bincike a Faransa, ƙarƙashin Guido Kroemer da Laurence Zitvogel, sun fayyace alamomi uku. Wani furotin mai suna kalretikulin, wanda mazauninsa cikin ƙwaya ne, yana fitowa bayanta ya zama tutar da ke cewa a zo a haɗiye ta. ATP, man da ƙwaya ke aiki da shi, yana tsiyaya waje ya janyo masu sintiri. Sannan furotin HMGB1 ya fito daga cibiyar ƙwayar ya zaburar da waɗanda suka zo. Masu sintirin su ne ƙwayoyin dendiritik. Aikinsu su tsinci gutsuren ƙarin, su bi magudanar ruwan jiki zuwa kaluluwa mafi kusa, su nuna wa ƙwayoyin T da ke jira a can kamannin abokin gaba. A kaluluwa ake horon, a can ƙwayar T guda take hayayyafa ta zama dubbai, su shiga jini suna neman duk mai wannan kamannin, ko a ina yake. A riƙe wannan matsayi na kaluluwa, za mu dawo kansa.

Akwai ƙararrawa ta biyu, kuma ita ce aka fi mayar da hankali a kanta yanzu. DNA a cibiyar ƙwaya take zama. Idan aka same ta a farfajiyar ƙwayar, jiki yana ɗauka bairos, wato ƙwayar cuta, ne ya shigo. Mai gadin da ke gano haka shi ne cGAS, wanda Zhijian Chen ya bayyana a Dallas a 2013, shi kuma yana tayar da STING, wanda Glen Barber ya gano a 2008. Lokacin da ƙwayar dajin da aka haska ta yi yunƙurin rabuwa, gutsattsarin DNA suna zubewa cikin 'yan jakunkuna marasa ƙwari, jakunkunan su fashe, cGAS ya gani. Sakamakon shi ne ƙwayar ta fara fitar da intaferon, sinadarin da ke kiran dendiritik ya ba su ƙarfin horar da T. A taƙaice haske yana sa ƙari ya yi kama da wurin da bairos ya kama. Bayan haka yana ƙara yawan allunan da ƙwayar daji ke baje abin da ke cikinta a kansu, waɗanda ake kira MHC, yana kuma sa bangon jijiyoyin jinin ƙarin ya yi danƙo yadda ƙwayoyin T za su maƙale su kutsa ciki.

Mutum zai zaci ƙarin haske zai kawo ƙarin ƙararrawa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A 2009 ɗakin binciken Sandra Demaria da Silvia Formenti a New York ya gwada a ɓeraye: 20 Gy a zama ɗaya, da 8 Gy sau uku, da 6 Gy sau biyar, duk tare da maganin buɗe garkuwa, wato mai cire birkin da ke hana ƙwayoyin T faɗa. Dukkansu sun danne ƙarin da aka haska. Amma ƙari na biyu da ba a taɓa ba, waɗanda aka rarraba wa hasken ne kawai nasu ya ja baya. A 2017 suka gano dalili. Idan hasken zama ɗaya ya haura 12 zuwa 18 Gy, gwargwadon irin dajin, ƙwayar tana ƙera wani mai shara mai suna TREX1 da ke cinye DNA ɗin da ta zube kafin cGAS ya gan ta. Daga nan 8 Gy sau uku ya yi suna a gwaje-gwajen asibiti. Sai dai a lura, a ɓera aka samo wannan lissafi, kuma ba likitan da zai rage wa ƙarin huhu hasken da aka san yana kashe shi don neman ƙararrawa.

Birkin da hasken yake takawa

A cikin ƙarin nan da ake ta kururuwa, wasu abubuwa suna aiki a kishiyance. Haske yana sakin TGF-beta da ke ɗaure a naman da ke kewaye, wannan sinadari kuwa aikinsa kwantar da ƙwayoyin T da haifar da tabo. Akwai nau'in T masu hana 'yan'uwansu faɗa, waɗanda a lafiyayyen jiki suke hana garkuwa cin mai ita. Sun fi sauran jure haske, don haka bayan gashi kasonsu yana ƙaruwa. Ƙarin da ya ji rauni yana kiran makurofaj, fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye datti, daga ɓargo, su kuma idan sun zo sai su ɗauke shi gyambo ne da ke neman warkewa, su shiga gina masa sababbin jijiyoyi.

Mafi muhimmanci ga jinya shi ne PD-L1. Intaferon ɗin da ƙwayoyin T ke fitarwa a fagen fama shi ne yake sa ƙwayar daji ta yawaita wannan furotin a bayanta, shi kuma idan ya haɗu da PD-1 da ke kan ƙwayar T, sai ta saki makaminta. Kenan nasarar farko ita ke jawo birkin. Magungunan da ke cire wannan birki, irin su pembrolizumab da nivolumab da durvalumab, da ipilimumab mai cire wani birkin daban mai suna CTLA-4, sun fito ne daga aikin Tasuku Honjo na Japan da James Allison na Amurka, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2018. Hikimar haɗa su da gashi a fili take: haske ya tayar da sojoji, magani ya hana a kwance musu ɗamara.

Jinin da ke ratsa filin gashi

Wannan ɓangaren shi ne ya fi shafar majiyyaci na yau da kullum, kuma shi ne aka fi wucewa ta kansa. Na'ura tana saitin ƙari, amma jini ba ya tsayawa don ana haska wuri. Zuciya tana tura kimanin lita biyar a minti ɗaya, wato kusan duk jinin babban mutum. A kowane zama wani kaso na limfosait yana ratsa hasken, gobe wani kason, jibi wani. Masu bincike a Johns Hopkins sun lissafa a 2013 cewa a gashin dajin ƙwaƙwalwa na 60 Gy cikin zama 30, kusan kashi 99 cikin ɗari na jinin da ke zagayawa yana samun aƙalla rabin gire kafin a gama. A wani binciken da Stuart Grossman na wannan asibitin ya jagoranta a 2011, kashi 40 cikin ɗari na masu irin wannan daji da aka yi wa gashi da maganin temozolomide, CD4 ɗinsu, wato adadin ƙwayoyin T masu alamar CD4 a jini, ya faɗi ƙasa da 200 bayan wata biyu, kuma su ne suka fi saurin rasuwa. Abin lura, dajin ne ya fi kashe su, ba wata cutar da ta samu ƙofa ba.

Wurin da aka haska yana da tasiri ƙwarai. A ƙirji duk jinin jiki yana bi ta zuciya da huhu, don haka gashin dajin huhu da na bututun abinci yana cikin masu tsananin rage limfosait. A saman ciki akwai saifa, wadda rumbu ce ta waɗannan ƙwayoyin. A ƙugu akwai ɓargo: ƙasusuwan ƙugu da na ƙasan gadon baya suna ɗauke da abin da ya kusa rabin ɓargon da ke ƙera jini a jikin baligi. Gashin ƙaramin wuri a fata, ko zama ɗaya na 8 Gy don kwantar da ciwon ƙashi, tasirinsa a jini kaɗan ne.

Gwajin RTOG 0617 da aka buga a 2015 ya girgiza masu wannan fanni. An kwatanta 60 Gy da 74 Gy a dajin huhu mataki na uku, ana sa ran mai yawan zai fi. Waɗanda suka sami 60 tsaka-tsakin rayuwarsu ya kai wata 28.7, masu 74 kuwa wata 20.3. Hasken da zuciya ta sha yana cikin abubuwan da aka danganta da wannan, kuma nazarin da aka yi daga baya ya nuna yawan hasken da jini mai zagayawa ya sha yana tafiya tare da gajartar rayuwa.

Ga yadda za a karanta wannan a takardar gwajin jini. Jimlar fararen ƙwayoyi tana iya yaudara, domin mafi yawansu nutrofil ne, wani nau'in daban da limfosait. A ninka jimlar da kason limfosait. Idan jimla 4,000 ce, limfosait kashi 10 cikin ɗari, to adadinsu 400 ne a kowace maikurolita, ko da an ga jimlar kamar lafiya. Lafiyayyen baligi yana da 1,000 zuwa sama. Ƙasa da 500 ana kiransa mataki na uku na ƙarancin limfosait, ƙasa da 200 mataki na huɗu. Adadin yakan kai ƙasa sosai a makonnin ƙarshe na gashi, kuma dawowarsa tana da nawa. Nutrofil sukan farfaɗo cikin makonni, limfosait kuwa watanni, wani lokaci fiye da shekara, saboda taimos, gaɓar da ke bayan ƙashin ƙirji inda ake yaye sababbin ƙwayoyin T, ta riga ta motse a jikin manya. Allurar ƙara farin jini irin filgrastim nutrofil take ɗagawa, ba ta taɓa limfosait. Dexamethasone, wanda ake bayarwa don kumburin ƙwaƙwalwa ko tashin zuciya, yana ƙara danne su, shi ya sa ƙa'ida ita ce mafi ƙarancin adadi na mafi gajeren lokaci.

Hanyoyin rage ɓarnar na hannun mai tsara gashin ne. A matse filin iya abin da lafiya ta yarda. A rage yawan zama inda bincike ya halatta, kamar dajin mama da aka koma yi a zama 15 ko 16, har ma 5, maimakon 25. A zana zuciya da saifa da ɓargon ƙugu a kwamfutar tsari a sa musu iyaka. Akwai tarko ɗaya a nan: na'urorin zamani masu zagaya majiyyaci suna kare gaɓoɓin kusa da ƙari da kyau, amma suna yayyafa ɗan haske a wuri mai faɗi, ɗan hasken nan kuwa ya ishi limfosait.

Ƙarin da ya motse ba a taɓa shi ba

Masanin Ingila R. H. Mole ne ya raɗa wa wannan al'amari suna abskopal a 1953, ma'ana nesa da inda aka saita. Labarin da ya dawo da shi bakin mutane ya fito daga asibitin Memorial Sloan Kettering a 2012: wata mai dajin fata nau'in melanoma da ke kan ipilimumab ciwonta yana ci gaba, aka ba ƙarin da ke gefen ƙashin bayanta 28.5 Gy a zama uku don rage zafi, bayan 'yan watanni waɗanda ke saifa da ƙirji su ma suka ja baya. Abin ya faru, kuma an auna sauyin garkuwarta a jini.

Amma dole a faɗi ƙarancinsa. Wani nazari da ya tattara rahotannin likitoci daga 1969 zuwa 2014 ya sami mutum 46 kacal, a shekarun da aka yi wa miliyoyi gashi. Da aka zo gwaji na raba majiyyata gida biyu, sakamakon ya sanyaya gwiwa. A Holan, gwajin PEMBRO-RT ya ba masu dajin huhu da ya bazu 8 Gy sau uku kafin pembrolizumab: kashi 36 cikin ɗari ciwonsu ya ja baya, a kan kashi 18 na masu maganin kaɗai, amma mutanen ba su da yawa kuma bambancin bai kai mizanin da aka gindaya ba. A New York an gwada 9 Gy sau uku tare da nivolumab a dajin kai da wuya, ba a ga wani ƙarin amfani ba. Duk wanda ya yi wa mai dajin da ya bazu alkawarin cewa gasa wuri ɗaya zai share sauran, ya faɗi abin da hujja ba ta kai ba, kuma iyalai suna sayar da gonaki a kan irin wannan alkawari.

Inda haɗin ya yi aiki, da inda ya ƙi

Gwajin da ya sauya jinya shi ne PACIFIC, wanda aka buga a 2017. Mutum 713 masu dajin huhu mataki na uku da ba ya fiɗuwa, an gama musu gashi da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, sannan cikin kwana 1 zuwa 42 aka fara ba kashi biyu cikin uku durvalumab har tsawon shekara. Tsaka-tsakin lokacin da ciwon ya yi bai motsa ba ya tashi daga wata 5.6 zuwa 16.8. Bayan shekara biyar, kashi 42.9 cikin ɗari na masu maganin suna raye, a kan kashi 33.4 na waɗanda ba su samu ba. A 2024 gwajin ADRIATIC ya nuna irin wannan a ɗaya nau'in dajin huhu mai ƙananan ƙwayoyi.

Sai aka ce, tun da bayan gashi ya yi amfani, a haɗa su lokaci ɗaya mana. PACIFIC-2 ya yi hakan da maganin nan dai, a ciwon nan dai, haƙa ba ta cim ma ruwa ba. A dajin kai da wuya, JAVELIN 100 da KEYNOTE-412 sun haɗa maganin da gashi da kemo a tare, su ma ba su kai ga abin da aka nema ba. Bayanin da ya fi karɓuwa yana mayar da mu ga kaluluwa. A dajin kai da wuya ana haska kaluluwar wuya, sau da yawa gefe biyu, kullum har mako bakwai. Maganin yana sakin ƙwayoyin T su hayayyafa a daidai wurin da hasken gobe zai same su. Gwaje-gwajen ɓeraye sun goyi bayan haka: idan aka bar kaluluwa ba a haska ba, haɗin yana aiki, idan aka haska ta amfanin ya ragu. Kuma a 2025 KEYNOTE-689, wanda ya fara ba da pembrolizumab tun kafin fiɗa, lokacin da kaluluwar take nan lafiya, ya yi nasara a wannan dajin.

Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin ƙyale kaluluwa. Ana haska ta ne domin ita ce zangon farko da daji ke sauka, sau da yawa da ƙwayoyin da hoto ba ya gani, kuma dajin da ya dawo a wuya yana da wuyar magani. Rage filin kaluluwa abu ne da ake gwadawa a tsanake a cikin bincike.

Dajin bakin mahaifa, wanda shi ne na biyu a yawa tsakanin matan Najeriya, ya zo da nasa labarin. Gwajin CALLA da durvalumab bai yi nasara ba. KEYNOTE-A18 kuwa, mai mata 1,060 da ciwonsu ya yi nisa a ƙugu, ya ba da pembrolizumab tare da gashi ya kuma ci gaba bayansa, aka sami kashi 82.6 cikin ɗari suna raye bayan shekara uku, a kan kashi 74.8 na waɗanda ba su samu ba. Amfani ne na gaske. Amma a dubi abin da aka ɗora maganin a kansa: duk matan, har waɗanda ba su sami maganin ba, an yi musu cikakken gashin waje, da maganin kemo cisplatin kowane mako, da gashin ciki, wato wanda ake sa tushen hasken a cikin jiki dab da ƙarin. Kashi 74.8 ɗin nan daga wannan tushen ya fito.

Abin da wannan yake nufi a ɗakin jinya

A ƙasashenmu, inda kuɗin allura ɗaya ta waɗannan magunguna ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma na'urorin gashi ƙalilan ne, a birane irin su Zariya da Sakkwato da Abuja da Yamai, babban abin da ke hannu shi ne a yi tushen daidai. Ga mai dajin bakin mahaifa wannan yana nufin 45 zuwa 50.4 Gy daga waje cikin zama 25 zuwa 28, cisplatin miligiram 40 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki sau ɗaya a mako, da gashin ciki, misali 7 Gy sau huɗu, a kammala komai cikin mako takwas. Kowace rana da aka ƙara bayan haka tana rage damar danne ciwon da abin da ya kai rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, domin ƙwayoyin da suka tsira suna ƙara saurin hayayyafa a tsakiyar jinya. Saboda haka faɗuwar limfosait ita kaɗai ba dalilin tsayar da gashi ba ce. Nutrofil da ƙwayoyin daskarar da jini su ne ake dubawa kafin a ɗage kemo na mako. Majiyyaciyar da ta tafi gida don jininta ya dawo tukuna, ta ba dajin hutun da bai kamata ya samu ba. Ƙarancin jan jini kuwa a gyara shi da ƙarin jini ana cikin gashi. Likitoci da yawa suna son himogulobin ya tsaya a 10 ko sama.

Mata masu ɗauke da HIV sun fi sauran haɗarin wannan daji har ninki shida, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma gashin ƙugu zai ƙara saukar da CD4 ɗinsu ko da bairos ɗin yana danne. A auna CD4 kafin a fara, kada a tsallake maganin HIV ko na rana ɗaya, a kuma ci gaba da Septrin na kariya ko a fara shi bisa shawarar likita. Saukar CD4 bayan gashi ba ta nufin maganin HIV ya daina aiki, yawan bairos a jini ne zai nuna haka. A gwada ciwon hanta nau'in B kafin kemo, domin yana iya farkawa idan garkuwa ta sauka. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko farin abu a harshe da maƙogwaro, ko ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki irin waɗanda bairos ɗin ƙarambau ke tayarwa, duk a kai su asibiti a ranar. Rigakafin da ke ɗauke da rayayyen bairos, irin na ciwon shawara, a jinkirta shi har likita ya ba da dama. Gashin waje ba ya barin haske a jiki, don haka ba dalilin raba wa majiyyaci kwano ko ɗaki.

Game da abubuwan da ake tallatawa da sunan ƙara garkuwa, ba wani ƙwaya ko tsimi da aka nuna yana dawo da limfosait da haske ya kashe. Wasu ma suna cutarwa. A wani gwaji a Kanada mai mutum 540 masu dajin kai da wuya, waɗanda aka ba bitamin E mai yawa a lokacin gashi ciwonsu ya fi dawowa. Abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da kifi da nono da aka dafa, shi jiki ke buƙata don kada ya rame.

Akwai matsala ɗaya da ke buƙatar ido biyu a yankinmu. Gashin ƙirji yana iya kawo kumburin huhu wata ɗaya zuwa shida bayan an gama, maganin buɗe garkuwa ma yana kawo nasa. A PACIFIC kashi 33.9 cikin ɗari na masu durvalumab sun samu, a kan kashi 24.8 na waɗanda ba a ba maganin ba, ko da yake mai tsanani bai wuce kashi 3.4 da 2.6 ba. Alamunsa busasshen tari, haki, da ɗan zazzaɓi, wato daidai da alamun tarin fuka, wato tibi, a jikin da limfosait ɗinsa ya yi ƙasa har tsohon tibi yana iya tashi. Maganin kumburin shi ne prednisolone, kimanin miligiram 1 a kowane kilo, a riƙa ragewa a hankali cikin mako huɗu zuwa shida ko fiye, domin yanke shi farat ɗaya yana dawo da ciwon. Wannan maganin kuma idan ya faɗa kan tibin da ba a gano ba, hura masa wuta zai yi. Hoton CT yana taimakawa: kumburin gashi yakan bi iyakar filin da aka haska, har a ga gefensa miƙe kamar an ja layi, na magani kuwa yakan watsu a huhu biyu. Duk da haka a tura majina gwajin GeneXpert, mai gano tibi, kafin a fara prednisolone, ko a rana ɗaya da farawa idan numfashi ya yi tsanani har ba a iya jira.